Ɗan Tsawa Ya Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya tashi a Gangara ya san Mu'minatu ce ta raini ƙanenta Almu. Uwarsu ta rasu yana ɗan tatata, ita kuwa ko aure ba ta isa ba, sai goyonsa ya dawo bayanta. In tana daka yana maƙale da ita, in tana sussuka yana zaune cikin ƙaiƙayi yana kallon bakinta. A nan ya tsinci waƙar da uwarsu takan yi da kaka, in an fara shigo da dammuna daga gona: "Gero ya nuna, ku ba ni hanya, ni na zo ɗauka." Mu'minatu ba ta ɗauki waƙar a bakin komai ba, abin rage gajiya ce kawai. Shi kuwa ya riƙe ta.

Muryarsa ta fara fitowa ne a Islamiyya, inda shi ke ja wa ɗalibai baiti ranar walimar sauka. Da ya zama saurayi sai wani mai fiyano da ke kiɗan biki a Sabon Birni ya ja shi jikinsa. Baffanninsu suka ce ba za ta saɓu ba, su ba su gaji roƙo ba. Wanda ya tsaya masa shi ne Alhassan, mijin Mu'minatu, manomi mai shanun huɗa da ƙarancin magana. Shi ya je ya durƙusa gaban dattawan ya ce a bar shi ya gwada, in ya lalace a tuhume shi. Shi ne kuma ya goya shi a babur zuwa Isa, wani ɗan situdiyo da ke bayan tasha, ɗaki guda da aka manna wa katifu a bango. A nan Almu ya ɗora waƙar uwarsu kan kiɗan zamani ya mai da ita ta soyayya. Geron ya zama budurwa, mai ɗauka ya zama ango.

Waƙar ta tashi kamar an hura mata iska. Masu tura waƙa a kasuwar Isa da ta Sabon Birni suka riƙa loda wa mutane ita a waya, direbobi suka kai ta Sakkwato, 'yan kasuwa suka tsallaka da ita Maraɗi. Ba a kai amarya a Gobir ba tare da an sa ta ba. Aka raɗa masa Almu Gobir, ya koma Sakkwato, daga can sai Kano. In Mu'minatu ta je rijiya mata kan ce, "Ga yayar Almu nan," ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba, amma in ta dawo gida sai ta ba Alhassan labari tana dariya.

A Kano ya fara da yi wa 'yan fim waƙa, wasu na rawa da muryarsa. Daga baya aka fara sa shi a fim ɗin da kansa, amma kullum ko maigadi ko direban da ya ɓata hanya, a sa shi ya zuba Sakkwatanci a yi ta dariya. Wannan ya ɗan sosa mata rai, sai dai ta ce sana'a ce. Ana nan sai ya kira ta da murna ya ce wani darakta mai suna Nasiruddeen ya ba shi babban matsayi a shiri mai dogon zango da za a riƙa nunawa a talabijin duk mako. Zai fito a matsayin Ɗan Tsawa, shugaban 'yan bindigar daji.

"Ɗan bindiga, Almu?" in ji ta. "Kai ba ka jin abin da aka yi muna nan? Mutanen Tsamaye makaranta suka kwana a Isa."

"Wa'azi na, Yaya," ya ce. "Zango guda na kawai. Ƙarshe kashe shi za a yi, kowa ya ga makomar azzalumi."

Ta fara ganinsa a wayar wata maƙwabciya. Ya tara gemu, ya naɗa baƙin rawani, bindiga a kafaɗa. Kuma ya iya, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ɗan Tsawa ba ya ɗaga murya. Sai ya bar mutum ya yi ta roƙo, ya karkata kai yana saurare kamar mai tausayi, sannan ya tambaya a hankali, "Ka ƙare?" Daga nan sai harbi. In kuwa zai fita kai hari, sai ya hau babur yana rera waƙar nan ta gero, a sanyaye, yaransa na amshi. Mu'minatu ta miƙa wa matar wayarta ta ce tuwonta zai ƙone.

Zango na farko ya ƙare ba a kashe Ɗan Tsawa ba. An harbe shi, ya faɗa rafi, sai ga shi ya fito a na biyu da tabo a goshi. Samari suka fara naɗa rawani irin nasa. Masu shayi suna tambayar mai ciniki, "Ka ƙare?" a kwashe da dariya. Aka ba Almu kyautar gwarzon shekara a wani taro, aka nuno shi yana ɗaga ta sama. Duk lokacin da ta tuna masa alkawarinsa sai ya ce zango mai zuwa ne, darakta ya tabbatar masa.

Da kaka ta zagayo, wata rana da hantsi, Mu'minatu ta kai wa Alhassan fura gona. Yana ɗaure dammuna, shanun na ɗaure a amalanke gindin wata aduwa. Ta sauke ƙwaryar, ta ratsa cikin dawar maƙwabcinsu don ta kama ruwa. Tana can ta ji ƙarar babura. Ta san ba na gari ba ne, don na gari ba sa taho da yawa haka. Ta kwanta rub da ciki tsakanin kunyoyin dawar, ta tura bakin gyalenta cikin baki.

Kafin ta ga kowa, kiɗan ta fara ji. Wani ya ɗaure 'yar ƙaramar lasifika a kan babur ɗinsa, muryar ƙanenta na fita tar a cikin gonar mijinta. Suka ce Alhassan ya loda dammunan a amalanke, ya loda. Suka ce ya kora musu shanun gaba, da amalanken duka. Nan ne ya tsaya. Bai yi musu tsawa ba, bai zage su ba. Ya ce su ɗauki geron duka ya yafe, amma su bar masa ko sa guda, da su yake ci da iyali. Yana magana yana haɗa su da Allah. Ta cikin karan dawa ta hango wanda ke gabansa, matashi ne da ko gemun kirki bai tara ba. Ya karkata kai gefe guda, ya bari Alhassan ya yi shiru, sannan ya sassauta murya ya ce, "Ka ƙare?"

Sauran suka fashe da dariya tun kafin ya harba.

Bayan an yi jana'iza rabin unguwarsu ya watse. Mu'minatu ta ɗauki autarta Ikramu ta koma Sabon Birni gidan Gwaggo Habi, ƙanwar ubansu ita da Almu, a nan ta shiga takaba. Almu bai zo gaisuwa ba. Ya kira yana kuka, ya ce suna tsakiyar ɗaukar shiri kuma hanya ba kyau. Ta saurare shi har ya gama, ba ta gaya masa abin da ta ji a gona ba, ta kashe wayar. Daga ranar ba ta sake ɗaga kiransa ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Abin ya zauna mata a ƙirji kamar garwashi. Mata in sun zo gaisuwa sukan ce ta yi haƙuri, ta ce ta gode, amma ita ta san ba haƙuri ne a ranta ba. Sabon Birni kuma ba ta bar ta ta huta ba. Gidan Gwaggo na bayan wani mai cajin waya, daga safe zuwa yamma waƙoƙi ke tashi, kuma da wuya rana ta faɗi ba a sa ta gero ba. Wata safiya Ikramu na wanke-wanke a tsakar gida, ba tare da ta sani ba ta kama amshi da ƙaramar muryarta. Mu'minatu ba ta san lokacin da ta tashi ba. Sai ji ta yi tafin hannunta ya sauka a kuncin yarinyar, kwanon ya faɗi yana ƙara.

"Mi tay yi miki?" Gwaggo Habi ta fito da sauri ta janye Ikramu. "Marainiya ta hwa! Waƙar kawunta ta, waƙar uwarki ta!"

Mu'minatu ta koma ɗaki. Ta fi jin haushin marin fiye da komai, kuma ta ɗora shi ma a kan Almu.

Takabar ta yi nisa ranar da ya zo. Da la'asar ne, ta ji hayaniya ta cika lungun, ana ta busa hon. Sai ihun samari: "Ɗan Tsawa! Ɗan Tsawa! Ka ƙare?" Wani ya daki ƙyauren gida don murna. Ta miƙe tsaye a bakin ɗaki. Gwaggo Habi ta shigo tana washe baki ta ce Almu ne, ya zo da mota shaƙe da shinkafa da mai don raba wa 'yan gudun hijira.

Ya shigo da sallama cikin farar shadda, baƙin tabarau a hannu, gemun Ɗan Tsawa na nan a fuskarsa. Bayansa wani ƙato ne da kyamara a kafaɗa, jan haske na ƙiftawa a goshinta.

"Wane na wanga?" ta tambaya, ba ta amsa sallamar ba.

"Lawwali na, Yaya, abokin aikina. Tashar talabijin ta ce a ɗauko yadda anka yi rabon, sai mu ɗan gaisa da ke…"

"Takaba nika yi. Ka shigo man da ƙato cikin gida shina ɗaukata hoto?" Ta juya ga Lawwali. "Kai, aje abin nan ka hita. In ba ka hita ba, za ni hwasa shi, in hwasa kanka."

Lawwali bai jira Almu ya yi magana ba. Ya sauke kyamarar ya fice yana ba da haƙuri. Gwaggo Habi ta fara cewa ai ba a yi wa baƙo haka, Mu'minatu ta ce, "Gwaggo, don Allah ki kai Ikramu ɗaki." Muryar da ta yi maganar da ita ta sa tsohuwar ta ja hannun yarinyar ba musu.

Almu ya durƙusa ya yi mata gaisuwa. Ya ce Alhassan uba ne gare shi, ya ce ba don shi ba da yanzu yana nan yana tallan rake. Hawayensa na gaske ne, ta gani, kuma bai rage mata komai ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta zauna a kan turmin da ke kife ta ba shi labarin gona tun daga saukar ƙwaryar fura. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi lasifikar, ta faɗi yadda yaron ya karkata kai, ta kwaikwayi muryar. Ta faɗi dariyar.

Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"To ni nak kashe shi ke nan?" ya ce. "Ni nak kawo bindiga Gobir? Yaya, tun ina kiɗan biki aka kashe mutane hanyar Isa. Da ban yi shirin ba, da sai su bar mishi shanun?"

"Ban ce ba."

"To mi kika so in yi? Ba ni ka rubuta labarin ba. Shekara nawa ina gadi cikin him, ana sa ni in buɗe baki a yi dariyar maganarmu? Ke kanki kin ce abin na ɓata miki rai. Wanga na karo na hwarko da Bagobiri yab buɗe baki a talabijin kowa yay yi shiru."

"Awo, sun yi shiru," in ji ta. "Ni ma na yi shiru, da gyale cikin bakina. Ban ce kai ka ba su bindiga ba, Almu. Da can in sun kashe mutum, kisa na, su san sun yi, mu san an yi muna. Kai ka ba su yadda za su yi shi da kyau. Ka ba su abin dariya. Mutumin da yad durƙusa gaban baffanni saboda kai, da maganarka anka sallame shi, ana kiɗa mishi waƙar Inna. Wa ya ba ka ita? Ni nab ba ka. Bayana kaj ji ta. Ka tambaye ni kahin ka miƙa wa ɗan ta'adda?"

"Waƙata ta, ni nay yi mata…"

"Ka ce zango guda na! Ka ce za a kashe shi! Ina gawar? An halbe shi ya hwaɗa ruwa ya hito. An kama shi ya tsere. Shi kullum ana ƙara mishi kwana don ana son shi. Mai gidana wa yaƙ ƙara mai ko wuni guda?"

A waje samarin na nan suna kiran sunan Ɗan Tsawa, wani ya ɗaga waƙar a waya. Almu ya juya kamar zai fita ya hana su, sai ya tsaya. Ya ciro wayarsa, ya ce bari ya kira darakta a gabanta ta ji da kunnenta. Ya buɗe muryar yadda za ta ji. Da Nasiruddeen ya ɗauka, Almu ya gaya masa abin da ya faru a gaggauce, ya ce lallai a kashe Ɗan Tsawa a wannan zangon, ba sai na gaba ba.

Muryar da ta fito mai laushi ce, ta mutumin da ya saba lallashi. "Inna lillahi. Hajiya tana kusa? Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wallahi jikina ya yi sanyi. Amma ki duba, mu fa faɗakarwa muke yi. In wani ɓata-gari ya ɗauki abu ya juya shi, ba za a ce laifin shiri ba ne. Kuma Almu ya sani, akwai masu talla, akwai tasha, mutum sama da hamsin ke cin abinci a wannan aikin. Ba a kashe jarumi haka kawai da rana tsaka."

"Jarumi," in ji Mu'minatu.

"Ina nufin wanda labari ke kansa. Amma kin san me? Wannan abin da ya same ki, shi ne ainihin abin da ya kamata duniya ta gani. In kin amince, sai mu sa shi a zango na gaba. Mace a ɓoye cikin dawa tana kallo, ga waƙa na tashi. Wallahi babu wanda zai kalla bai yi kuka ba. Ba za mu faɗi sunanki ba."

Ta miƙa hannu, Almu ya ba ta wayar yana zaton magana za ta yi. Ta taka zuwa inda ruwan wanke-wanke yake a kwatarniya, ta sake ta ciki. Muryar Nasiruddeen ta yi ɗan gurgur ta ɗauke.

"Tashi ka hita," ta ce. "Shinkahwarka ka ba waɗanda ka so. Ko ƙwara kada a shigo da ita gidan ga."

Gwaggo Habi ta yi faɗa har ta gaji, ta ce gidanta ne, kuma yunwa ba ta san fushi ba. Daga baya ta aika aka karɓo mata buhu guda ta ɓoye a ɗakinta. Mu'minatu ta sani. Duk ranar da aka dafa shinkafar sai ta dama kunu ta sha.

Almu bai bar garin a ranar ba. Washegari labari ya iso gidan cewa an gan shi a kasuwa gaban wanzami, ya sa an aske gemun tas, Lawwali na tsaye yana roƙonsa ya bari ko don sauran fitowar da ba a ɗauka ba. Aka ce kuma ya bi motar 'yan sa-kai zuwa Gangara, ya sa an nuna masa kabarin. Matan da suka kawo labarin suna kallon fuskarta su ga ko za ta sauko. Ta ce, "Gemu dai tsirowa shika yi."

Abin da ya faru a Kano a bakin mutane ta riƙa jin sa, guntu-guntu. An ce Almu ya yi kaca-kaca da Nasiruddeen a gaban ma'aikata. An ce ya rantse ba zai sake rera waƙar ba, ba zai sake yin tambayar nan ba, fitowa ɗaya kawai zai yi, ta mutuwa. Ya nemi a kashe Ɗan Tsawa a wulaƙance, yana gudu yana roƙo. Aka manna masa gemun roba aka ɗauka yadda ya ce. Amma da aka zo haɗa shirin, sai aka yanke gudun da roƙon. Abin da aka nuna shi ne Ɗan Tsawa na faɗuwa a hankali, rawaninsa na warwarewa, ana busa sarewa mai ban tausayi. A gidan kallon da ke bakin tasha, an ce har da masu share hawaye. Kafin a rufe, sai aka nuno wani ƙanensa da ba a taɓa ambata ba, ya ɗauki rawanin ya naɗa, ya rantse sai ya rama. Wani sabon mawaƙi aka ba matsayin, kuma shirin ya ci gaba duk mako kamar da.

Ranar da aka ba ta wannan labarin Mu'minatu ta yi dariyar da ta tsorata Gwaggo Habi. "Kin gani?" ta ce. "Ko mutuwar tashi ta hi ta mutane kyau."

Shi kuwa Almu, 'yan fim suka juya masa baya. Aka ce ya cika girman kai, ya ɓata wa mutane aiki. Samarin da ke ihun sunansa suka koma zaginsa a waya, wai ya ci amanar masu kallo. Ya yi watanni ba a gan shi a komai ba. Ya fitar da sabuwar waƙa ba ta je ko'ina ba. Sai gab da damina aka ji wata ƙaramar tashar talabijin a Kaduna ta ɗauke shi yana gabatar da shirin hira da safe, yana zama da manoma da 'yan kasuwa da malaman asibiti.

A lokacin Mu'minatu ta riga ta fita takaba. Ya kira a wayar Gwaggo, tsohuwar ta tura mata ita a kunne ta ƙi janyewa, dole ta karɓa. Suka gaisa sama-sama. Muryarsa ta yi sanyi. Ya ce ya nemi tashar ta bar shi ya zo ya yi hira da mutanen da aka kora daga garuruwansu, amma ba zai zo ba sai ta yarda.

"Ni mi nawa ciki?" ta ce. "Mutanen Tsamaye na nan Isa, ka tai ka tambaye su, su ad da bakinsu. In sun ce a'a ka kama hanya. Kada ka sa musu kiɗa ƙarƙashin magana. Kada ka tai da hwarar shadda. Kuma ni kada ka zo man da shirin naka."

"Na ji, Yaya." Sannan ya ce ya ji wai za ta koma Gangara. Ya roƙe ta ta bari, ya ce zai kama mata ɗaki a Sakkwato ita da Ikramu.

"In zauna Sakkwato in ci mi? In jira ka? Gona tana can."

"Yaya, kin yahe man?"

Ta dubi bangon gidan Gwaggo, inda ruwan bara ya zaizaye. Ta nemi amsar a ranta da gaske, ba ta sami wadda yake so ba.

"Kada ka tambaye ni wanga yanzu," ta ce, ta miƙa wa Gwaggo wayar.

Ya zo Isa ya yi hirar, an nuna ta, mutane sun yaba. Ita ba ta kalla ba. Da aka yi ruwan shuka ta bar Ikramu a wurin Gwaggo saboda makaranta, ta hau motar kasuwa da ɗan ƙunshin iri a cinya. Ta tarar da ɗakinta ya yi yoyo, an kuma cire ƙyauren. Jibrilla, ƙanen Alhassan, ya riga ya share gefen gonar da ke kusa da gari. Can ciki wajen aduwar kuwa ba mai zuwa, ciyawa ta fara rufe shi. Ba shanu, don haka da sungumi suka yi. Jibrilla na gaba yana sara, tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Duk wanda ya ji ƙarar babur daga nesa sai ya tsaya, ɗayan ma ya tsaya, har sai sun gane na wane ne. Kafin azahar suka kai iyakar inda aka share, Jibrilla ya ce a dakata nan. Mu'minatu ta dubi sauran irin da ke cikin ƙoƙo, ta ce ya ƙara sara layi biyu.